Shawarwari a zaure: gina ƙaramin ɗakin gwajin kan jirgin ƙasa a kan kanta guda

Usman, Tudun Wada: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina neman shawararku a kan wani aiki da ya daɗe a raina. Shekara biyu ke nan da yayana ya kawo mini ƙaramin kan jirgin ƙasa na kamfanin Hornby daga Ingila, samfurin wani kan jirgi mai tururi da ake kira Mallard, a ma'aunin OO, wato kashi ɗaya cikin 76 na ainihin girmansa, amma har yau ban sami inda zan shimfiɗa masa layin dogo ba, domin gidan da nake haya ciki da falo ne, kuma zagayen da wannan kai zai iya bi ba tare da ya sauka ba yana cin faɗin kusan mita guda. Abin da nake da shi kanta ce a jikin bango, tsawonta santimita 120, faɗinta 35. A makon jiya na ga wani tsohon hoto na kan jirgi mai tururi a cikin babban gini, ƙafafunsa suna juyawa, hayaƙi yana fita ta rufi, ma'aikata suna tsaye kusa da shi da takardu a hannu, alhali kuwa bai motsa daga inda yake ba. Tun daga ranar nake tunanin cewa wannan shi ne abin da ya dace da kantata. Ina roƙon ku faɗa mini wane gini ya kamata in kwaikwaya, da waɗanne kaya zan samu a nan Gombe, kuma ko zai yiwu kan jirgin ya yi aiki na gaske a kai.

Injiniya Bello, Jekadafari: Wa alaikumus salam, Usman. Ka yi dabara mai kyau, kuma ina ganin ƙarancin wurin ne ya kai ka ga abin da masu manyan ɗakuna suke tsallakewa. Abin da ka gani a hoton ɗakin gwajin kan jirgi ne. Dalilin gina shi kuwa shi ne, a kan buɗaɗɗen layi ba a iya tsayar da komai wuri guda: iska tana sauyawa, hanya tana hawa tana gangara, sigina tana tsayar da direba, don haka idan aka gwada kai biyu a ranaku daban-daban ba za a san ko bambancin daga injin yake ko daga hanya ba. A ɗakin gwaji sai a ɗora ƙafafun da ke jan jirgi a kan manyan rololi na ƙarfe da ke cikin rami, a ɗaure kan ta baya da ma'aunin ƙarfin ja, wanda ake kira dainamomita, a sa wa rololin birki, sannan a bar shi ya yi gudu iri ɗaya na tsawon lokaci, ana auna kwal da ruwan da ya ci da ƙarfin da ya bayar.

Jami'ar Purdue ta Amurka ta gina nata a 1891 a ƙarƙashin Farfesa Goss. Kamfanin jirgin Pennsylvania ya nuna nasa a baje kolin St. Louis na 1904, sannan ya kwashe shi ya kafa a Altoona a 1905, kuma a can ne aka auna ƙarfin doki 7,987 daga kan jirgi samfurin Q2. A Ingila, wani injiniya mai suna Churchward ya gina na garin Swindon a 1904. Faransa ta buɗe na Vitry kusa da birnin Faris a 1933.

Amma wanda nake ba ka shawara ka ɗauka shi ne na garin Rugby da ke Ingila, saboda yana da dangantaka ta kusa da abin da ke hannunka. Sir Nigel Gresley, wanda ya tsara Mallard, shi ne ya yi shekaru yana kiran a gina wa Birtaniya ɗakin gwaji na zamani, har ta kai a Disamban 1934 sai da ya tura sabon kan jirginsa Cock o' the North zuwa Vitry, domin babu wurin da zai ɗauki ƙarfinsa a gida. An fara ginin Rugby kafin Yaƙin Duniya na Biyu, yaƙi ya tsayar da shi, Gresley ya rasu a 1941 bai ga kammalawarsa ba, aka buɗe a watan Oktoban 1948, kuma kan jirgin da aka ɗora a kan rololi ranar buɗewar ɗan'uwan Mallard ne, mai lamba 60007, wanda ke ɗauke da sunan Gresley ɗin. Saboda haka idan ka tsayar da naka a ciki, ba ka yi wa tarihi karan-tsaye ba.

Malama Hadiza, Bauchi: Na goyi bayan Injiniya, kuma zan ƙara da abin da ya shafi zane, tun da shi nake koyarwa. Malam Usman, kada ka fara da sayen komai. Ka fara da takarda da fensir da rula. A ma'aunin OO kowace ƙafa ɗaya ta awon Turawa tana zama milimita 4, don haka Mallard tare da taragon kwal ɗinsa zai kai kusan santimita 28 da rabi, tsayinsa kuma ya ɗan haura santimita 5, mutum mai matsakaicin tsayi kuwa milimita 22 ne kacal. Ka yanka kwali daidai waɗannan girma ka jera a kan kantar kafin ka zana bango ko ɗaya. Zauren gwaji mai tsawon santimita 50 zai ishe ka, sauran 70 ɗin kuma ka bar wa layin shigowa da wurin ajiye kwal da tankin ruwa.

Shawarata mafi muhimmanci ita ce kada ka gina bango huɗu. Na taɓa sa ɗalibaina su gina samfurin wata ma'aikata, suka yi wata biyu suna ƙera injinan ciki, sannan suka rufe ta ruf da bango da rufi, ranar nuni iyaye suna ta leƙe ta taga ba su ga komai ba, yaran kuma ransu ya ɓaci ƙwarai. Ka bar bangon gaba a buɗe, ka yanke gaban daɓen ma yadda mai kallo zai ga ramin da rololin suke juyawa a ciki, ka shafa jan fenti a bakin duk inda ka yanka, kamar yadda ake yi a zanen injiniyoyi, domin kowa ya gane cewa da gangan aka buɗe.

Alhaji Garba, Bolari: Na karanta bayanan Injiniya da na Malama, Allah ya ƙara musu basira. Amma ina da ja a wuri guda. A kusa da tashar jirgin Gombe na tashi, kuma da kunnena na san ƙarar jirgin da ke zuwa daga Bauchi da wanda ke dawowa daga Maiduguri. Layin nan ya iso Bauchi a 1961, ya kai Maiduguri a 1964, yau kuwa yaran da ke wasa a kan dogon nan da yawansu ba su taɓa ganin jirgi ya wuce ba. Me zai sa ɗanmu ya zuba watanni yana gina Rugby, garin da ba wanda ya san shi a cikinmu, alhali rumfar gyaran kan jirgi irin tamu, mai rufin kwano da ramin dubawa da durom na baƙin mai a gefe, ba wanda ya taɓa kwaikwayarta? Abin da na fi so in gani shi ne namu, kafin waɗanda suka san kamanninsa su ƙare.

Usman, Tudun Wada: Baba Alhaji, maganarku ta shige ni, kuma ba ni da abin da zan musa a cikinta. Matsalata ita ce kan jirgin da nake da shi na Ingila ne, shuɗi, mai siffar da kowa zai gane ba namu ba ne. Idan na ajiye shi a rumfar Gombe, ina tsoron abin zai zama ba na nan ba, ba na can ba.

Malam Ishaya, Yalwa, Bauchi: Akwai wata matsala ta awo da ya kamata a sani kafin a yanke shawara a kan maganar Alhaji. Tsohon layinmu, wanda ya bi ta Bauchi da Gombe, faɗinsa milimita 1,067 ne, na Ingila kuwa 1,435, irin wanda aka shimfiɗa daga Abuja zuwa Kaduna aka buɗe a 2016. Ƙaramin dogon da Usman yake da shi faɗinsa milimita 16.5. Idan ana son wannan dogo ya tsaya a madadin layinmu, to sai a gina komai a kashi ɗaya cikin 64, domin 1,067 a raba da 64 yana ba da kusan 16.7, kuma haka masu wannan sha'awa suke yi a Niyuzilan, inda layinsu yake da faɗi ɗaya da namu. Ma'anar wannan ita ce, a sayo ƙasan kan jirgi mai mota da ƙafafu, a ƙera masa gangar jiki da hannu. Aiki ne mai yiwuwa, na gwada shi da kan dizal ta amfani da faranti na roba, amma ba aikin farko ba ne ga wanda bai taɓa yanka ko taga ɗaya ba. Ni a ganina Usman ya koyi hannu da Rugby, rumfar da Alhaji yake so ta zama aiki na biyu, kuma mu haɗu a kanta gaba ɗaya, domin Alhaji ne kaɗai a cikinmu yake riƙe da kamanninta a ka.

Injiniya Bello, Jekadafari: Alhaji, ran ya daɗe, akwai hanyar da za a biya buƙatarku a aiki na biyun ba tare da an bar maganar gwaji ba. Kan dizal mai lantarki ba ya buƙatar rololi kafin a gwada ƙarfinsa. Injin dizal ɗin janareta yake juyawa, janaretan ne yake ba motocin ƙafafu wuta, don haka sai a cire wayoyin da ke zuwa ƙafafun a haɗa su da wani akwati mai cike da ƙarafa masu shanye wuta suna mai da ita zafi, a taka injin har ƙarshe, kan jirgin yana tsaye a kan dogo. A wata ma'aikata da na yi aiki da manyan janaretoci, da tankin ruwan gishiri muke yin irin wannan gwaji: ana zura faranti na ƙarfe a cikin ruwan a hankali, ƙarar injin tana yin nauyi, hayaƙi yana yin duhu, ruwan ya fara tafasa har tururi ya rufe mai riƙe da igiya. A samfuri wannan bai wuce guntun dogo da akwati da wayoyi masu kauri guda biyu ba, kuma zai zauna daram a gefen rumfa irin tamu.

Alhaji Garba, Bolari: To, na yarda da wannan tsari, da sharaɗin ba za a bar shi a baki ba. Zan zauna in zana abin da na tuna na rumfar da gidajen ma'aikata, in ba wa Malama ta gyara awon.

Nura, Pantami: Yaya Usman, kafin a ci gaba, don Allah ku ɗaga kan jirgin ku duba abu guda. Tsofaffin samfuran Hornby da yawa motarsu a cikin taragon kwal take, shi ne yake tura kan daga baya, manyan ƙafafun suna bin dogo ne kawai. Idan naku irin wannan ne, ko an ɗora shi a kan rololi manyan ƙafafun ba za su juya ba, kuma duk tsarin zai sauya. Ku gwada juya babbar ƙafa da yatsa a hankali. Idan ta juya sakayau, motar tana baya. Idan ta ƙi, kada ku tilasta mata, motar tana gaba, kuma abin da muke so ke nan.

Usman, Tudun Wada: Na duba yanzu, Nura. Manyan ƙafafun ba su juyawa da yatsa, sai ɗan motsi kaɗan. Akwai kuma wasu siraran wayoyi masu ƙaramin filogi da suka haɗa kan da taragon. Na auna tsakanin gatarin babbar ƙafa da na kusa da ita, na sami milimita 29, faɗin ƙafar kuma ya kusa 27.

Nura, Pantami: Madalla, Yaya. Wannan awo ya ba mu amsa. Tun da tsakanin gatari da gatari 29 ne, rolar da ke ƙasa dole ta gaza haka, in ba haka ba za su goga juna. Ku nemi boris mai lamba 608 guda shida a wajen masu sayar da kayan injin ko masu gyaran ƙananan motocin lantarki. Faɗinsa na waje milimita 22 ne, ramin tsakiya 8, kaurinsa 7. Ku zaɓa da hannunku, ku juya kowanne kusa da kunne, duk wanda kuka ji yana ƙaran yashi ku ajiye shi. A jiƙa su a kananzir a wanke daskararren giris ɗin ciki, a bar su su bushe, a ɗiga ɗigo ɗaya na mai marar kauri.

Wurin da mutane suke ƙona kayansu shi ne gatarin rola. Ƙafar dama da ta hagu wuta daban suke ɗauka, don haka idan aka zura boris biyu a kan sandar ƙarfe guda an haɗa wuta ke nan. A yi amfani da sandar roba ko busasshen katako mai kaurin milimita 8, a bar milimita 16.5 daidai tsakanin fuskokin boris na ciki. Kada kuma a dogara da boris wajen kai wuta ga motar, saboda mai da ƙwallayen ciki suna sa ta riƙa yankewa. Wayoyin da kuka gani suna nuna cewa akwai abin da ke wucewa ta taragon, saboda haka a bar shi a haɗe, a tsayar da shi a kan guntun dogo mai wuta a bayan ramin, idan ƙafafunsa suna ɗaukar wuta shi ke nan, idan ba su ɗauka sai mu jawo waya kai tsaye.

Game da wutar kanta, volt 12 mai tafiya hanya ɗaya ce iyakarta, kuma da na'urar ragewa da ƙarawa. Na yi asarar motar wani kan jirgi a bara saboda wata adafta da na saya ta intanet, an rubuta 12 a jikinta, da na auna bayan ɓarna ta auku na tarar tana ba da abin da ya haura 18. Tun daga lokacin ba na haɗa komai sai na ɗora mita a kai. Batirin sola ta hanyar na'urar ragewa ya fi mini kwanciyar hankali fiye da wutar gari mai hawa da sauka.

Injiniya Bello, Jekadafari: Bayanin Nura ya yi daidai, sai dai ya taɓo wani abu da ya saɓa wa ainihin yadda ake gwajin. A Rugby ana cire taragon kwal ne, a bayan kan jirgin kuma akwai dandamali inda mai zuba kwal yake tsayawa, ana kawo masa kwal da aka riga aka auna, ruwa kuma yana zuwa ta bututu daga tankunan awo. Tun da naka ba zai yi aiki ba tare da taragon ba, ka gina dandamalin da rumbun kwal ɗin a matsayin murfi da zai zauna a kan taragon ya ɓoye shi. Mai kallo zai ga dandamali, wuta kuma tana bi ta ƙarƙashi.

Yanzu ga abin da na fi so ka fahimta, Usman, domin shi ne ran wannan aiki. Akwai ƙananan rololi da ake sayarwa don gwada samfura, kowace ƙafa tana zama a tsakanin boris biyu kamar ƙwai a cikin cokali, kuma kan jirgi ba ya zamewa. Suna da sauƙi, amma ba haka ɗakin gwaji yake ba. A can rola ɗaya ce a ƙarƙashin kowace ƙafa, ƙafar tana zaune a kan ƙololuwarta, kuma ba abin da ke riƙe da kan jirgin sai sandar da ta ɗaure shi da ma'auni. Idan ya ɗan gota gaba ko baya, nauyinsa zai shiga cikin lissafi ya ɓata awon, shi ya sa aka sa wa na Rugby wata na'ura da ke mai da shi tsakiya da kanta. Rololi bakwai-bakwai ne a kowane gefe a can, kuma biyar daga cikin waɗannan tagwaye ana iya haɗa su da birkin ruwa. Kai ma ka yi sandar ɗaurin da waya mai ƙarfi wadda ba ta lanƙwasa, ka sa mata kusa mai zare a ƙarshe yadda za ka iya matsar da kan gaba ko baya da rabin milimita. Ƙananan ƙafafun gaba da na baya kuma su zauna a kan guntayen dogo da ba su motsi.

Ka sani kuma, rolar da ke juyawa sakayau ba ta sa kan jirgi ya ja komai. Sai an riƙe ta sannan sandar take jin ƙarfi. A Rugby ruwa ne yake riƙe ta, ƙarfin injin yana komawa zafi a cikin ruwan. A naka, ɗan guntun ƙyalle mai kauri a bakin kusa, yana taɓa boris ta ƙasa, ya wadatar. Idan kana son ka auna da gaske, ka maye gurbin sandar da zare na ɗan lokaci, ka bi da shi ta kan ƙaramar kura, wato 'yar ƙafa mai juyawa irin ta jan guga, zuwa wani nauyi da ke zaune a kan sikelin lantarki irin na masu sayar da gwal. Duk giram ɗin da ya ragu a sikelin, shi ne abin da kan jirginka yake ja. Ranar da ka ga lambar nan tana sauyawa yayin da kake murɗa kusar birki, za ka gane abin da mutanen hoton suke rubutawa a takardunsu.

Malam Ishaya, Yalwa, Bauchi: Ina roƙon a yi hattara da birkin. Motar samfuri ƙarama ce, kuma a kan rololi ba ta samun iskar tafiya. Minti biyar zuwa goma ya isa, sannan a taɓa jikin a ji zafinsa. Ko manyan ma sun sha wannan wahala, domin Cock o' the North ya yi ta fama da zafin gidajen gatari a Vitry.

Malama Hadiza, Bauchi: Akwai wani lissafi mai daɗi da zan so Malam Usman ya rubuta a ƙaramin allo a gefen ginin. Babbar ƙafar Mallard ta gaske faɗinta ƙafa 6 da inci 8 ne, wato ya ɗan haura mita 2, juyi ɗaya yana cin kusan mita 6.4 na hanya. Tun da ƙafa da hanya duk an rage su da kashi ɗaya, yawan juyi a minti ba ya sauyawa tsakanin babba da ƙarami. Idan ƙafar samfurin tana juyi kusan 250 a minti, daidai yake da gudun mil 60 a awa. A ranar 3 ga Yulin 1938, da Mallard ya kai mil 126 a awa, wato kusan kilomita 203, ƙafafunsa suna juyi kusan 530 a minti, kuma taragon awo da ke maƙale a bayansa ne ya rubuta gudun. Kan jirgin da taragon awon duk suna gidan tarihin jiragen ƙasa na York a yau. A ɗiga farin fenti a bakin ƙafa ɗaya, a ɗauki bidiyo mai tafiyar hawainiya da waya, a ƙirga juyin. Ɗalibai suna kama darasin kewayen da'ira da wannan fiye da yadda suke kama shi a allo.

Kayan gini kuwa ba sai an yi odar komai ba. Bango da kwali mai kauri ninki biyu, a zana layin bulo da bakin allura kafin fenti. Ginshiƙan ƙarfe da ƙugiyar ɗaga kaya ta sama da tsinken tsire da siraran katako. Tagogi da farar roba ta kwalin sabuwar riga. Kwal kuwa gawayi ne, a daka, a tankaɗe da rariya, a ɗauki tsakuwar da ba ta wuce ƙwayar gero ba, a zuba mata gam ɗin kafinta da aka sirka da ruwa. Kada a manta da ɗakin masu awo mai tagar gilashi da ke kallon kan jirgin, da bututun da ke saman rufi daidai kan bututun hayaƙi.

Alhaji Garba, Bolari: Mu da muka yi motar kara muna yara mun san cewa ɓargon karan dawa yana yankuwa da reza yadda ake so, kuma ba shi da nauyi. Zai yi tankin ruwa da durom. Amma ɗana, ka kula da abu uku na garin nan. Gara ba ta barin kwali da katakon da ya jingina da bango, don haka ka shafe ƙasan da fenti ka bar tazara. Zafin watan Maris da Afrilu a ƙarƙashin kwano yana lanƙwasa roba, kada ka bar kan jirgin a kan kanta da rana idan ɗakin ba shi da silin. Ƙurar hunturu kuma ita ce babbar abokiyar gabar boris, ka je wajen masu tagar alminiyom su yanka maka gilashi su yi maka murfi.

Usman, Tudun Wada: Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Saura tambaya ɗaya, ita ce ta hayaƙi, domin shi ne ya fara jan hankalina a hoton. Na yi tunanin ɓoye ɗan turaren wuta a ƙarƙashin bututun rufin.

Nura, Pantami: Yaya, ina roƙonku ku bar maganar turare. Garwashi a cikin ginin kwali da gawayi haɗari ne, kuma hayaƙinsa yana barin danƙo a kan ƙafafu da dogo, wuta ta daina wucewa. Ku ja auduga ta yi sirara, ku ɗan shafa mata toka, ku maƙala ta tsakanin bututun kan jirgin da na rufi. Ni kuma zan sa muku ƙaramin ƙwan lantarki mai launin garwashi a wajen murhu, da farare biyu a cikin ramin domin rololin su fito.

Injiniya Bello, Jekadafari: Usman, kada ka manna bango ko ɗaya sai ramin ya yi aiki. Ka sa kafinta ya yi maka akwatin katako mai zurfin santimita 4, ka kafa gatarin rololi uku a tazarar 29, ka tabbata saman boris ya yi daidai da saman dogo ta hanyar ɗora rular ƙarfe a kansu. Ka kawo shi gidana ranar Asabar bayan la'asar tare da kan jirgin. Ina da ma'aunin kauri da sikelin, Nura ya zo da mitarsa, Alhaji kuma idan zanen rumfar ya samu a taho da shi mu ɗauki hotonsa mu tura wa Malama.

Usman, Tudun Wada: In sha Allahu zan zo. Na sami boris huɗu masu kyau da yammacin nan, biyun da suka rage mai shagon ya ce sai jibi za su iso daga Kano.